Wai a cikinmu waye ba baƙo ba?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ya same ni makon jiya, har yau bai sake ni ba. Na raka ɗana karɓar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, domin yana neman gurbi a jami'a. Ma'aikacin ya tambayi unguwarmu da sunan kakanmu, sai ya ɗago kai ya ce ai mu ba 'yan nan ba ne, mu je garinmu a ba mu. A garin nan aka yanke mini cibiya, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo daga ƙasar Damagaram da jakunan kanwa tun jirgin ƙasa bai iso Kano ba, kabarinsa kuma yana maƙabartar bayan unguwarmu. To wane gari ne garinmu?

Tun ranar nake ta karance-karance kan yadda mutane suka bazu a duniya. Abin da na tsinta shi ne babu al'ummar da ta tsiro daga ƙasa kamar rimi. Kowa daga wani wuri ya zo, sai dai wani ya riga wani sauke kaya. Masu ilimi su gyara mini in na yi kuskure. Kuma ina tambaya: shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin ya daina zama baƙo?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, Abban Sadiq. Maganarka tana da tushe, bari in ɗauko ta daga nesa.

Masu tonon kayan tarihi da masu nazarin ƙwayoyin halittar gado sun haɗu a kan cewa Afirka ce mafari. Ƙasusuwa mafi tsufa na mutum mai siffa irin tamu an same su ne a Jabal Irhud cikin Maroko, shekarunsu wajen 300,000. Akwai kuma na kwarin kogin Omo a Habasha, masu kimanin shekara 200,000. Sai tsakanin shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce wasu 'yan tsiraru suka fita zuwa Asiya, ko ta Sinai ko ta mashigin Babul Mandab da ke tsakanin Jibuti da Yaman. Daga wannan ɗan ayarin ne mafi yawan jinin Larabawa da Sinawa da Turawa da Indiyawan yau ya fito.

Sun kai Ostireliya aƙalla shekara 50,000 da suka wuce, kuma dole sai da suka ratsa teku kafin su isa. Turai kuwa wajen shekara 45,000. Amurka ta zo daga baya: a zamanin tsananin sanyi ƙanƙara ta riƙe ruwa mai yawa, teku ya ja baya da fiye da mita 100, ƙasa ta ɓullo tsakanin Siberiya da Alaska, mutane suka bi namun daji suka tsallaka fiye da shekara 15,000 da suka wuce. Babbar ƙasa ta ƙarshe da ɗan Adam ya je ya kafa mazauni ita ce Niyu Zilan, wajen shekarar 1300 miladiyya. A lokacin Kano ta daɗe da fara gina ganuwa.

Abin da nake so a lura, mafi yawansu ba su san ƙaura suke yi ba. Ɗa ne zai matsa gaba da inda ubansa yake farauta da tafiyar yini ɗaya ko biyu, jikansa ma ya ƙara. A haka aka cika duniya.

Abu_Huzaifa:
Malam, da girmamawa, mu abin da muka sani shi ne dukkanmu 'ya'yan Annabi Adamu ne, alaihis salam. Ina jin tsoron irin wannan magana, domin daga nan ake zamewa a ce mutum daga biri ya fito. A kula da yaran da ke karantawa a zauren nan.

Ummu_Khalil:
Abu Huzaifa, babu wanda ya ambaci biri a nan. Abin da Malam ya kawo cewa ne baƙi da fari da ja duk tsatsonsu ɗaya, kuma ai shi ne abin da muka koya tun muna allo. Suratul Hujurat ta faɗa mana an halicce mu daga namiji da mace, aka mai da mu al'ummu da ƙabilu domin mu san juna. Kuma mu da kalandarmu ma daga hijira take ƙirge, bai kamata maganar ƙaura ta ba mu tsoro ba. Kafin Madina sahabbai Habasha suka fara zuwa, wajen Najjashi, sarkin da ba addininsu ɗaya ba a lokacin, ya ba su mafaka. Mutanen Madina kuwa raba gidajensu da gonakin dabinonsu suka yi da waɗanda suka zo.

Abu_Huzaifa:
Na yarda da wannan, Malama. Amma waɗannan dubban ɗaruruwan shekaru da ake lissafawa, wa ya ƙirga su? Kintace ne.

Malam_Tarihi:
Awo ne, ba ƙirge ba, kuma awo yana karɓar gyara. Ƙasusuwan Maroko da na ambata, lokacin da masu haƙar ma'adinai suka ci karo da su a farkon shekarun 1960 an ɗauka ba su wuce shekara 40,000 ba. Sai a 2017 aka sake auna duwatsun da wuta ta ƙona a wurin da sabuwar dabara, lissafin ya koma 300,000. Saboda haka lambobin suna motsi. Abin da bai motsa ba duk tsawon binciken shi ne alƙiblar tafiyar: daga Afirka zuwa sauran duniya.

Dan_Fune:
Ba sai an je Maroko ba. Mu nan Yobe muna da shaida. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da wani abu mai tauri. Da aka tono sai ga kwalekwale na itace, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. Ku zo ku ga yadda wurin yake da rani, sannan ku yi tunanin mutanen da suke tuƙa jirgi a nan. Ruwan ya tafi, su ma sun bi shi.

Dan_Agadas:
Gaskiya ne Ɗan Fune. Mu ma nan Azbin, a Dabus, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa jikin dutse, babban ya kai tsawon na gaske. A Gobero kuma cikin Tenere, a shekarar 2000 masu neman ƙasusuwan dabbobin dā suka faɗa kan maƙabarta mai kaburbura wajen 200, ga ƙashin kifi, ga na kada, ga na dorina, ga ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. Wurin da yau in motarka ta lalace sai addu'a. Hamadar nan tafkuna ce da ciyawa a dā. Da ta fara bushewa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, mutane suka gangara da shanunsu wajen Tafkin Chadi da kogin Kwara da Nilu. Ina ganin kakannin da yawa daga cikinmu suna cikin wannan gangarowar.

Sarkin_Yakin_Daura:
Duk wannan dogon zance ne. Asalin Bahaushe sananne ne: Bayajidda daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu. Rijiyar tana nan, kowa ya zo ya sha ruwanta.

Malama_Harshe:
Ranka ya daɗe, ko a cikin labarin ai Bayajidda mutane ya tarar a Daura, da sarauniyarsu da rijiyarsu da harshensu. Labarin gidan sarauta ne, ba na farkon jama'a ba. Shi ma ɗin kuma labarin baƙo ne da aka karɓa aka ba shi aure.

Harshe yana riƙe tarihin da baki ya manta. Hausa tana cikin dangin harsunan Chadi, waɗanda suka haura 150. 'Yan uwanta na kusa su ne irin su Gwandara, Angas, Bolanci, Karekare, Bade, Ngizim da Tangale. Dangin Chadi kuma reshe ne na wani babban gida da ya haɗa Larabci, harshen Buzaye, Amharanci, Somaliyanci da tsohon harshen Masar. Ku duba "mutu" da "mata" na Larabci (wato ya mutu), ko "me" da "ma", ko yadda "ta" take nuna mace a Hausa kamar yadda take yi a Larabci. Waɗannan ba aro ba ne irin "littafi" da "alƙali" da suka shigo da Musulunci. Gado ne tun kafin a rabu, dubban shekaru kafin a gina Bagadaza.

Bagobiri_Na_Tsibiri:
Mu Gobirawa ba mu taɓa ɓoye cewa tahowa munka yi ba. Daga Azbin kakanninmu sunka gangaro, sunka zauna Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808 sai wata sabuwar ƙaura, har anka kafa Tsibiri. Katsinawan da anka kora sunka kafa Maraɗi, har yau Sarkin Katsina aka ce ma sarkinta. Na Zazzau sunka yi kudu sunka kafa Abuja ta asali, wadda yanzu aka kira Suleja. Shi kanshi Shehu Usmanu, kakanninshi daga Futa Toro sunka zo, kuma jihadin da hijira ya fara, daga Degel zuwa Gudu a 1804. Wanga iyaka da ta raba ni da dangina na Sabon Birni, Ingila da Faransa sunka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce. Abban Sadiq, lokacin da kakanka ya taso daga Damagaram ba wata ƙasa ya tsallaka ba, kasuwa ya tafi.

Kanawa_Dabo:
A cikin birnin Kano ma sunayen unguwanni kaɗai sun isa darasi. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, Sharifai. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Yau jikokin duk waɗannan Kanawa ne tsantsa, babu mai tambayarsu. Birnin da haɗiye baƙi ya girma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yaushe muka daina haɗiyewa.

Hajiya_Zongo_Kumasi:
Salamu alaikum. Ni daga Kumasi nake rubutu, ku yi haƙuri da Hausarmu ta zango. Kakan mahaifiyata fatake ne na goro. Suna tasowa daga ƙasar Kano da kanwa da tufafi da fatu, ayari guda da madugu da jagaba da uban dawaki, a yi watanni a hanya kafin a kai Salaga a ƙasar Gwanja. Wasu su koma da huhun goro, wasu su yi aure su zauna. Haka zangon Kumasi da na Akra da na Tamale suka cika. Ko Alhassan Ɗantata ai ya yi zama a nan Gana kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa.

Amma ku ji abin da ya faru. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Kakata tana ba mu labari tana kuka: mutanen da aka haifa a zango, ba su taɓa ganin Najeriya ba, aka loda su a manyan motoci. Maƙwabciyarta ta sayar da gida a kuɗin da bai kai na ɗaki ɗaya ba. Da suka isa can kuma aka riƙa ce musu 'yan Gana. Har yau in mun je yin katin ɗan ƙasa, sunanka kawai za a ji a fara tambayar ina kakanka ya fito. Don haka Abban Sadiq, ciwonka na san shi.

Ogbomosho_Boy:
Hajiya, mu ma Yarbawa abin ya shafe mu sosai, garinmu cike yake da waɗanda aka koro a 1969. Amma a faɗi gaskiya duka: a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi wajen miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai zane-zane da kowa yake zuba kaya a ciki, daga nan ta samo sunanta "Ghana Must Go". Duk lokacin da tattalin arziki ya karye, baƙo ake fara nunawa da yatsa.

Dan_Filato:
Na karanta duka, kuma ina tausaya wa Abban Sadiq. Amma ban yarda da kalmar "kowa baƙo ne" ba, tana da haɗari. Da irinta Turawan Afirka ta Kudu suka kafa hujja. Sun riƙa koyarwa a makarantu cewa baƙaƙen fata sun iso ƙasar ne lokaci ɗaya da mutanen Holan da suka sauka a 1652, don haka babu mai ita. Ƙarya ce, manoma masu harsunan Bantu sun fi shekara 1,000 a can kafin su, mafarauta 'yan San kuwa dubban shekaru. Amma da wannan hujja dokar 1913 ta bar wa baƙaƙe kashi 7 cikin 100 na ƙasar.

Mu ƙananan ƙabilu, gonar kakanni da tsaunin da muke binne matattunmu su ne kaɗai abin da muke da shi. In aka ce shekara 70,000 da suka wuce kowa matafiyi ne, saboda haka babu ɗan gida, to mai yawa da mai kuɗi ne zai cinye. A ba yaro takardarsa ya yi karatu, wannan haƙƙinsa ne. Amma maganar sarauta da ƙasa daban ce.

Abban_Sadiq:
Ɗan Filato, na gode, wannan gyara ne na gaske. Ban yi nufin a ƙwace wa kowa gonarsa ba. Ni ko taki ɗaya na gona ban nema ba. Amma ka ga inda abin yake ciwo: can Damagaram ɗin ma ba su san mu ba, wata ƙasa ce yanzu. Ɗana ba shi da wata ƙaramar hukuma a duk duniya sai wannan.

Dan_Maiwurno:
Assalamu alaikum daga Sudan. Maganar Ɗan Filato da ta Abban Sadiq duka biyun mun rayu a cikinsu.

Kakanninmu sun taso ne bayan Turawa sun ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a masu yawa, aka tare su a Burmi a watan Yulin 1903, ya yi shahada a nan. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Ban da su akwai mahajjata masu tafiyar ƙasa. Mutum ya taso daga Kano ko Katsina, ya bi ta Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, yana noma yana ƙwadago a hanya, ya yi shekaru kafin ya kai Sawakin ya hau jirgin Jidda. Da yawa guzuri ya ƙare, ko aka haifi yara, suka zauna. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannun mutanenmu ne ya yi aiki mai yawa a ciki.

Shekara fiye da 100 ke nan. Muna jin Larabci kamar kowa, amma Fallata ko Takari ake kiranmu. A 2022 a jihar Shuɗin Nilu, da Hausawa suka nemi a ba su masarautarsu ta gargajiya, aka ce baƙi ba su da ƙasa, rikici ya tashi, ɗaruruwan mutane suka mutu daga ɓangarorin biyu. Sai kuma yaƙin Afrilun 2023 ya zo ya tarwatsa kowa, mai ƙasa da marar ƙasa. Ni yanzu a Gadarif nake da iyalina.

Ummu_Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan uwa. Wallahi da yawanmu a nan ba mu san haka abin yake ba.

Yar_Jamia:
Akwai wata ƙaura da ba a taɓo ba, wadda ba a tambayi mai yin ta ba. Mutum wajen miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen bayi zuwa nahiyar Amurka, kusan miliyan 2 ba su kai gaci ba. Akwai Hausawa a ciki, musamman a farkon ƙarni na 19 lokacin yaƙe-yaƙen jihadi. A Bahiya ta Burazil an gano shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, sannan a Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi bayi, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Kuma kada mu tsaya kan Turawa kaɗai. Ta hamada ma an kai mutanenmu Tarabulus da Tunis, shi ya sa har yau ake samun kiɗa mai kama da na bori a can. A cikin ƙasar Hausa kuma an cika rinji-rinji da mutanen da aka kamo daga kudu. Jikokinsu Hausawa ne yau, wasunsu ma su ne ke riƙe da takardar asalin da aka hana ɗan Abban Sadiq. Ba gori nake yi ba, ina nuna cewa a dā shekara 50 ta isa mutum ya narke cikin gari.

Dan_Agadas:
Bari in dawo da ku yau. Ni a gabana ake yi. Duk ranar Litinin motocin Hilux suna fita daga Agadas zuwa Dirku da Libiya, mutum fiye da 20 a bayan mota ɗaya, kowa riƙe da sanda da jarkar ruwa. Hanyar da ayarin raƙuma suka bi ɗaruruwan shekaru ita ce dai. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure saboda matsin lambar Turai. Tafiya ba ta tsaya ba, direbobi ne suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga inda babu jandarma kuma babu ruwa. A Nuwamba 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar.

Abin da ba na mantawa shi ne Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Yawanci mata ne da yara, kuma daga wajen Kance suka fito. Hausawa ne, ba Turai za su ba. Abinci suka fita nema.

Musa_Italiya:
Shekara 9 ke nan ina Italiya, ta ruwa na shigo, ba na yi wa kowa fatan wannan hanya. Amma wani tsoho da nake yi wa aiki a gonar tumatir ya nuna mini hoton kakansa a tashar jirgin ruwa zai tafi Ajantina da akwati ɗaya. Daga baya na gane Turawa fiye da miliyan 50 ne suka bar nahiyarsu a cikin kimanin shekara 100 kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A Ayalan yunwar dankali ta 1845 ta kashe wajen miliyan 1, wasu miliyan 1 suka gudu. Abin da ya koro su shi ne ya koro mu. Bambancin, su sun tarar da ƙofa a buɗe.

Malam_Tarihi:
Musa ya taɓo abu mai muhimmanci. Fasfo da biza irin na yau sun kafu ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiya-jiya ke nan in an gwada da tsawon tafiyar ɗan Adam. Kuma a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, masu zaune a ƙasar da ba a nan aka haife su ba miliyan 281 ne, ba su kai 4 cikin 100 na mutanen duniya ba. Yawancin 'yan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasarsu ma suna cikin yankin ne, Abijan, Legas, Akra, Kwatano. Ɗan ci-rani da ke barin ƙauye bayan girbi ya dawo da faɗuwar ruwa ya fi mai tsallaka Bahar Rum yawa nesa ba kusa ba, amma shi ba ya fitowa a labarai.

Inna_Ladi:
Ku yi haƙuri, ni ba mai ilimi ba ce, ɗiyata ke rubuta mini. Kuna ta cewa ƙaura, ƙaura. Wanda ya ɗaura wa jakinsa kaya da rana ya yi sallama da dangi, ba ɗaya yake da mu ba. Mu cikin dare muka bar ƙauyenmu a Zamfara, hatsinmu na cikin rumbu, ko takalmi ban ɗauka ba. Shekara 4 muna wajen Maraɗi. Mutanen nan sun yi mana karamci, harshenmu ɗaya, abincinmu ɗaya. Amma ni gida nake so. Kada a ce mini kowa baƙo ne. Ina da gari.

Dan_Filato:
Inna ta faɗi abin da na kasa faɗa. Allah ya mai da ku gida lafiya.

Barista_Amina:
Amin. Abban Sadiq, ta fuskar doka: sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama duk inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma tsarin rabon muƙamai da gurabe tsakanin jihohi ya sa takardar asali ta zama mabuɗi, kuma babu ƙa'ida ɗaya da ta ce ga shekarun da za a cika. Kowace ƙaramar hukuma da yadda take yi. Ka je wajen mai unguwa da dagaci su rubuta maka shaida cewa an haifi mahaifinka a nan, ka haɗa da takardar gida da tsofaffin rasit na haraji in akwai, ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar kai tsaye.

Wani abu kuma da ba a ambata ba. Mafi yawan masu ƙaura a ƙasar Hausa mata ne, ranar da aka kai su ɗakin miji. Ni an haife ni a wata jiha, na yi aure a wata shekara 22. Can sun ce na bi miji, nan sun ce ba 'yar nan ba ce. 'Ya'yan da na haifa 'yan asali ne, ni da na haife su baƙuwa.

Malama_Harshe:
Barista, ai shi ya sa yara da yawa a zango-zango suke tashi da harshen uwa ba na uba ba. Hausar Kumasi da Hajiya ta nemi afuwa a kanta, wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, tarihin auratayya ne da matan da Hausa ba harshensu na farko ba ne. Babu abin neman afuwa a ciki.

Abban_Sadiq:
Na gode muku duka. Barista, gobe in sha Allahu zan je wajen mai unguwa, ya san mahaifina tun suna yara. Inna Ladi, ki yafe mini in maganata ta sosa miki rai, Allah ya sa ki sake buɗe rumbunki da hannunki.

Ɗan Maiwurno, ina da tambaya. Kakana yana da ƙane da suka taso tare daga Damagaram. Shi bai tsaya Kano ba, ya ce sai ya ga Ka'aba, ya yi gabas a ƙasa. Saƙo ɗaya aka taɓa samu ta bakin wani alhaji cewa an gan shi yana noman auduga, yana da 'ya'ya. Mahaifina har ya rasu yana ambatonsa. Akwai hanyar da ake bi a nemi irin waɗannan?

Dan_Maiwurno:
Akwai, amma sai da haƙuri. A nan tsofaffi suna riƙe sunan garin da kakansu ya fito, ko unguwanni ma da haka ake kiransu, kuma suna gane juna da tsagar fuska. Ka turo mini ta saƙon sirri sunansa da na mahaifinsu, sunan ƙauyensu na Damagaram, irin tsagarsu da sana'ar gidanku. In auduga ce to wajen Jazira ne ko Sinnar, kuma mutanen can da yawa yaƙi ya koro su nan Gadarif. Akwai wani dattijo Badamagare da muke sallar Juma'a tare, ya haura shekara 80. Zan fara da shi wannan Juma'ar.